Darasin Wiradjuri a Makarantun Firamare na Garin Parkes

Parkes ƙaramin gari ne a tsakiyar jihar New South Wales ta ƙasar Ostireliya, tafiyar kilomita wajen 350 yamma da birnin Sidni, kuma mutanensa ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba. Masu haƙar zinariya ne suka kafa shi, aka raɗa masa sunan ɗan siyasa Henry Parkes a 1873, daga bisani ya koma garin noman alkama da kiwon tumaki. Abin da ya fitar da sunansa a duniya shi ne ƙatuwar na'urar sauraron sararin samaniya da aka buɗe a bayan gari a 1961, wadda ta taimaka wajen watso hotunan saukar ɗan Adam a kan wata a 1969. Amma ƙasar da garin ke zaune a kanta ta Wiradjuri ce, al'umma mafi yawa cikin 'yan asalin jihar, waɗanda ake kira Aborijin, kuma su kansu suna kiran ƙasarsu da ƙasar koguna uku: Wambuul, da Galari, da Marrambidya.

Lamarin da wannan rubutu ya duba shi ne yadda makarantun firamare na wannan gari suka fara koyar da harshen Wiradjuri da al'adunsa tun daga 2006, ba ga 'ya'yan Aborijin kaɗai ba, ga duk yaron da ke cikin aji. A 2012 kafar yaɗa labarai ta ABC ta ruwaito cewa kimanin mutum 1,000, wato wajen kashi 10 cikin 100 na mutanen garin, suna zaman darasin harshen a kowane mako, a firamare da sakandare da kwalejin koyon sana'a. Wannan adadi abin mamaki ne idan aka tuna cewa a lokacin da aka fara aikin da wuya a samu dattijon da ke iya doguwar hira da harshen daga farko har ƙarshe.

Yadda harshen ya yi shiru

Turawan Birtaniya sun tsallaka tsaunukan da suka raba Sidni da cikin ƙasa a 1813, suka kafa garin Bathurst a 1815, kuma tun daga farko rigimarsu da Wiradjuri ta abinci ce kafin ta zama ta wani abu. Ana ba da labarin cewa a 1824 wani manomi a kusa da Bathurst ya ba wasu Wiradjuri kyautar dankalin Turawa, cikinsu har da iyalin wani jarumi mai suna Windradyne. Washegari suka dawo suna tonon dankalin da kansu, domin a fahimtarsu abin da ya fito daga ƙasar kakanninsu ba a hana mai jin yunwa, sai aka buɗe musu wuta aka kashe da dama. Yaƙin da ya biyo baya ya kai Gwamna Thomas Brisbane ga ayyana dokar soja a yankin a watan Agusta na shekarar, aka kashe mutanen da har yau ba a daidaita a kan yawansu ba. Wata ɓarnar kuma ba ta bindiga ba ce. Tumakin da aka kwararo da su sun cinye wani tsiro mai rawayar fure da ake kira murnong, mai saiwa kamar rizga, wanda mata ke tonowa da dagi, kuma shi ne cimar yau da kullum a yawancin kudu maso gabashin ƙasar. Cikin 'yan shekaru tumaki suka tumɓuke shi, kofatansu suka daddale ƙasar da mata suka yi ƙarnuka suna sassautawa, mutanen da suka dogara da shi suka koma karɓar rabon garin alkama da sukari da ganyen shayi.

Sauran labarin ya shafi dokoki. An tattara mutane a sansanonin mishan da na gwamnati irin su Warangesda da Erambie, dokar 1909 ta ba wata hukuma iko a kan inda Aborijin zai zauna, gyaran da aka yi mata a 1915 kuma ya ba hukumar ikon ɗauke yara daga hannun iyayensu ba tare da zuwa kotu ba. Gidan horar da 'yan mata na Cootamundra, wanda ke cikin ƙasar Wiradjuri, ya yi fiye da shekara 50 yana karɓar irin waɗannan yara yana koya musu aikatau. Makarantar gwamnati ma ba ta da hannu mai tsabta a wannan tarihi, domin sai a 1972 aka cire daga littafin ƙa'idojin malamai na jihar damar da shugaban makaranta ke da ita ta korar yaron Aborijin idan iyaye Turawa suka yi ƙorafi. A irin wannan yanayi, uwar da ta ƙi koya wa ɗanta harshenta ba sakaci ta yi ba, kare shi take yi daga idon hukuma.

Dattijo Stan Grant Babba, wanda aka haifa a 1940, ya sha ba da labarin ranar da yake yaro yana wasa a wani fili a garin Griffith, kakansa Wilfred Johnson ya ƙwala masa kira da Wiradjuri cewa ya zo maza su tafi gida. Wani ɗan sanda da ya ji kiran ya ɗauka zagi ne, ya kama tsohon ya kulle. Daga ranar kakan bai sake magana da harshen a cikin gari ba, sai in sun fita daji shi da jikan, inda yake nuna masa abubuwa yana faɗa masa sunayensu. Wannan jikan ne, bayan kusan shekara 50, ya haɗa kai da wani masani Bature mai suna John Rudder a ƙarshen shekarun 1990, da yardar majalisar dattawan Wiradjuri, suka shiga tattara harshen daga abin da ya rage a bakin tsofaffi da kuma rubuce-rubucen ƙarni na 19, musamman na ɗan mishan James Günther da ya zauna a Wellington, wani gari a ƙasar Wiradjuri. Ƙamus ɗinsu na farko ya fito a 2005, wanda aka faɗaɗa ya fito a 2010. Mutanen da ke wannan aiki ba sa yarda a ce harshensu ya mutu, sukan ce barci ya yi, kuma kalmar tana da amfani a aikace, domin ita ce ta ba su hujjar tashinsa.

Shigarsa aji

Abubuwa biyu ne suka haɗu a Parkes. Na farko, hukumar ilimi ta jihar ta fitar da manhajar koyar da harsunan Aborijin a 2003, saboda haka makarantar da ke so tana da hurumin saka darasin a jadawali ba tare da an ce ta ci lokacin wani abu ba. Na biyu, kuma mafi nauyi a ganina, shi ne cewa manya ne suka fara zama ɗalibai. Wani ɗan Wiradjuri mazaunin garin, Geoff Anderson, wanda daga baya ya shiga cikin jagororin ƙungiyar First Languages Australia mai raya harsunan 'yan asalin ƙasar, ya koyi harshen a darussan Stan Grant, sannan shi da wasu suka kafa ƙungiyar harshen ta garin, inda manya ke haɗuwa suna bitar kalmomi da waƙoƙi. Daga cikin wannan zama aka samu waɗanda suka shiga makarantu a matsayin masu koyarwa, malamin aji yana gefe yana kula da tsari shi ma yana koyo. Da an fara daga sama, wato a aiko da littafi daga Sidni a ce malami ya karanta wa yara, da wuya abin ya kai shekara biyu.

Shawarar da ta bambanta Parkes da wurare da dama ita ce ta ƙin ware 'ya'yan Aborijin a wani ɗaki su kaɗai. Akwai masu ganin cewa harshen gado ne, ya kamata masu shi su fara karɓarsa kafin kowa, kuma maganarsu tana da tushe. Amma a gari irin Parkes, inda yaran Aborijin tsiraru ne a kowane aji, fitar da su daga aji a gaban 'yan uwansu domin wani darasi na daban yana sake zana layin da aka daɗe ana wahala da shi. Da aka koyar da kowa, sai yaron da a da yake ɓoye asalinsa ya zama shi ne wanda ake juyowa a tambaya, ko da kalmomi biyar kawai ya ji a bakin kakarsa.

Darasin kansa ba mai nauyi ba ne. Ana farawa da gaisuwa, yiradhu marang, wato barka da yini, da godiya, mandaang guwu, da ngawa da wiray, wato i da a'a, kuma daga wannan wiray ɗin ne sunan al'ummar ya samo asali. Sai ƙidaya, ngumbaay da bula, ɗaya da biyu, sai sunayen dangi da gaɓoɓin jiki da ake haddacewa ta hanyar waƙa, sai dabbobi: wambuwuny kangaru, gugaa wani dangin damo, dinawan jiminar ƙasar. Abin da ke ba yara masu jin Ingilishi wahala shi ne sautuka, domin Wiradjuri tana fara kalma da ng, tana da sautukan dh da nh da ake furtawa harshe na taɓa haƙora, ba ta da s ko f, tana kuma bambanta r mai kaɗawa da r mai lanƙwasa. Bahaushe zai yi murmushi a nan, tunda shi ma yana da r iri biyu da dogon wasali da gajere, abubuwan da ɗan Sidni ke shan gumi kafin kunnensa ya kama su. Akwai kuma lokacin da yaran ke gano cewa sun daɗe suna furta Wiradjuri ba su sani ba, domin kalmomin Ingilishin Ostireliya irin su kookaburra, tsuntsun nan mai kuka kamar dariya, da billabong, wato tafkin da kogi ya bari, daga harshen aka aro su.

Kalmar da malamai suka fi nanatawa ita ce yindyamarra, wadda ta haɗa girmamawa da natsuwa da yin abu a hankali. Da ita ake koya wa yara ladabin zama da dattawa, waɗanda ake kiransu da lakabin kawu ko gwaggo ko da babu dangantakar jini, kamar dai yadda ɗan Hausa ba zai kira sa'an mahaifinsa da gatsal ba. Da ita kuma ake koya musu bambanci tsakanin jawabin maraba da baƙi zuwa ƙasa, wanda dattijon al'ummar kaɗai ke da ikon yi, da jawabin amincewa da masu ƙasa, wanda kowane yaro zai iya karantawa a taron safe.

Daga allo zuwa gindin bishiya

Makarantu da yawa a ƙasar Wiradjuri da sauran sassan jihar sukan keɓe wani ɓangare na filinsu su shuka tsirran abincin daji, su kafa alluna masu sunayensu, su kewaya wani wuri da kututture ko duwatsu inda ake zaman hira da dattawa. A nan ne, a ganina, darasin harshe ke samun ƙasar da zai taka, domin kalmar da yaro ya haddace daga kati takan gudu kafin mako ya zagayo, amma wadda ya ɗanɗana ta sa shi yamutsa fuska takan zauna.

Misali mafi kyau shi ne guwandhang, wanda Turawa suka karkata sunansa ya koma quandong. Ƙaramar bishiya ce mai jan 'ya'ya masu tsami, girmansu ya ɗara magarya, suna nuna a bazarar ƙasar, wajen watannin Satumba da Oktoba, kuma suna da bitamin C mai yawa. Ana cin naman ɗanye ko a shanya shi a ajiye, ƙwallon ciki mai tauri ne mai ramuka, ana yin tsakiya da shi, cikinsa kuma akwai ƙwaya mai mai. Abin da ya sa bishiyar ta zama darasi shi ne ba ta rayuwa ita kaɗai. Halinta irin na kauci ne, sai dai ta ƙarƙashin ƙasa take aikinta, saiwarta takan kama saiwar wata bishiya ta sha ruwa da gishirin ƙasa daga gare ta, don haka duk wanda zai shuka ta dole ya shuka mata maƙwabciya. Dinawan kuma na haɗiye 'ya'yan ta kasayar da ƙwallon a wani wuri mai nisa, ta haka bishiyar ke yaɗuwa. Malamin da ya tsaya a gindinta yana da harshe da kimiyyar tsirrai da ta dabbobi a wuri ɗaya, kuma yana iya nuna wa yara dalilin da ya sa, idan aka share daji aka bar bishiya ɗaya tsaye a tsakiyar gonar alkama, ba a ceci komai ba.

Sai kurrajong, wadda ke ko'ina a yankin Parkes, kuma a rabon masana tsirrai dangi ɗaya take da kuka da rama da kuɓewa. Kwansonta kamar ƙaramin kwale-kwale yake, cike da rawayar ƙwaya da ke lulluɓe da ƙaiƙayi mai shiga fata da ido, wanda dole a kawar da shi kafin a gasa ƙwayar a ci. Ɓawonta ana murza shi a yi igiya da raga, saiwar ƙaramarta ana ci, manoma kuma har yau suna saran ganyenta su ba dabbobi idan fari ya yi tsanani. Akwai wani ɗan kurmi mai tokar ganye mai ɗanɗanon gishiri da ake sa wa nama, akwai kuma itatuwan da ake kira wattle, dangin bagaruwa, waɗanda ake gasa ƙwayar wasu nau'o'insu a niƙa a dutse a yi gari. A kan wannan na ƙarshe akwai wata igiya da ta ɗaure labarin da ƙasar Hausa, domin wani nau'insu mai suna Acacia colei, wanda Aborijin na arewaci da tsakiyar Ostireliya ke cin ƙwayarsa tun da daɗewa, an shuka shi a ƙauyukan jihar Maraɗi, kuma a shekarun 1990 masu aikin gona na mishan, cikinsu har da Tony Rinaudo, sun gwada haɗa garinsa da na gero tare da matan ƙauyukan. Ilimin da ya tabbatar musu cewa ƙwayar tana ciwuwa daga bakin Aborijin ya fito.

Ƙa'idar farko da ake ɗora wa yara a irin wannan lambu ita ce kada su kai komai baki sai babba masani ya ce a ci, kuma ba don tsoron ƙara a kotu kawai ake faɗar haka ba. Da yawa daga cikin abincin dajin Ostireliya ba abin tsinka a ci ba ne, sirrinsa yana cikin sarrafawa, kamar yadda rogo mai ɗaci ko anza ke neman jiƙo da wanki kafin su zama abinci. Labarin da ya fi bayyana haka ya faru ne nesa da ƙasar Wiradjuri, a rafin Cooper, inda matafiya Robert Burke da William Wills suka mutu a 1861. Sun ga mutanen Yandruwandha suna cin wani tsiron fadama mai suna nardoo, suka kwaikwayi niƙansa ba tare da sun kama dukkan matakan gyaransa ba, suna ƙoshi amma ƙarfinsu na tafiya. Masana da yawa na ganin cewa wani sinadari da ke cikin tsiron, mai lalata bitamin B1 a jiki, ya taimaka wajen ajalinsu. Abokin tafiyarsu John King ya rayu ne saboda Yandruwandha sun ɗauke shi sun ciyar da shi. Shekaru da yawa ana koya wa yaran Ostireliya wannan labari a matsayin na jarumtar Turawa a jejin da babu kowa, kuma yaron da ya fara wucewa ta lambun makaranta zai ji shi da wani kunne daban.

Har sama ma tana cikin darasin abinci. Wiradjuri suna ganin siffar jimina a cikin baƙaƙen gurabun da ke tsakiyar farin hazon taurari mai ratsa sama, suna kiranta Gugurmin, kuma yadda take kwanciya bayan faɗuwar rana yana sauyawa da watanni. Idan ta bayyana kamar mai gudu, wajen Afrilu da Mayu, lokacin barbarar jiminu ne a ƙasa, bayansa kuma sai lokacin ƙwai, wanda namiji ne ke kwanciya a kansa. Ƙa'idar ɗibar ƙwan ita ce ba a kwashe sheƙa duka, ana ɗaukar abin da ake buƙata a bar saura.

Abin da aka samu, da abin da ya gagara

Sakamakon da ake iya nunawa da yatsa shi ne allunan da ke bakin gari. Ɗaliban firamaren Parkes East ne suka kai wa majalisar ƙaramar hukuma buƙatar a kafa allunan maraba zuwa ƙasar Wiradjuri a kan babbar hanyar Newell, majalisar ta amince, kuma duk wanda ya san yadda ƙananan garuruwan cikin ƙasa suka daɗe suna kau da kai daga wannan tarihi ya san ba ƙaramin abu ba ne. Anderson da malaman makarantun sun sha faɗar cewa zagin launin fata a filin wasa ya ragu sosai, yaran Aborijin kuma sun daina sunkuyar da kai idan aka ambaci asalinsu. Wannan shaida ce ta mutanen da ke cikin aikin, masu son ya yi nasara, amma mutane ne da suka ga filin wasan kafin darasin da bayansa, kuma ba na ganin dalilin watsi da ita. A matakin ƙasa, ƙidayar 2016 ta samu ƙasa da mutum 500 da suka ce suna amfani da Wiradjuri a gida, ta 2021 kuma ta samu kusan 1,500. A 2017 majalisar jihar ta zartar da dokar kare harsunan Aborijin, irinta ta farko a ƙasar.

Sai dai kada a ruɗu da waɗannan alƙaluma. Gajeren darasi sau ɗaya a mako, ko da an yi shi shekara bakwai na firamare, yana samar da yaron da ya iya gaisuwa da waƙa da sunayen dabbobi, ba ya samar da mai yin mafarki da harshen. Nahawun Wiradjuri ya dogara ne a kan ɗafa-ƙeya masu nuna wanda ya aikata da wanda aka aikata wa da inda aka nufa, kuma tazarar da ke tsakanin haddace kalmomi da haɗa jimla ita ce inda yawancin shirye-shirye irin wannan ke tsayawa. Rahoton ƙasa na 2020 ya nuna cewa daga cikin harsuna fiye da 250 da ake yi kafin zuwan Turawa a 1788, guda 123 ne ake amfani da su ko kaɗan, kuma 12 kawai yara ke tasowa da su a matsayin harshen uwa. Wiradjuri ba ta cikin waɗannan 12.

Matsalar da ta fi ci wa shirin tuwo a ƙwarya ita ce ta malamai. Al'umma ta tsaya a kan cewa ɗan Wiradjuri ne zai koyar da harshen, kuma tana da gaskiya, tunda mutanen da aka ƙwace musu ƙasa da 'ya'ya ba za su so su ga harshensu ma ya zama sana'ar wasu ba. Amma masu iya koyarwar kaɗan ne, da yawansu ba su da takardar malanta, ana biyansu bisa awa daga kuɗin da ake sabuntawa shekara-shekara, saboda haka idan mutum ɗaya ya yi ciwo ko ya samu aiki mai gwaɓi, darasin makaranta guda yana iya tsayawa. An yi ƙoƙarin toshe wannan rami: gwamnatin jiha ta buɗe cibiyar harshe da al'ada ta Wiradjuri a Dubbo a 2013 domin haɗa makarantu da al'umma, Jami'ar Charles Sturt kuma ta fara kwas ɗin harshen da al'adunsa a 2014. Akwai kuma wani ciwo da ba a cika faɗa a taro ba, na magidancin da 'yar maƙwabcinsa Bature ta gaishe shi da harshen kakansa ya rasa amsa. Wasu wannan kunya ce ta kai su ajin manya, wasu kuwa ta nisanta su.

Lambun ma yana da nasa ƙalubalen. Babban hutun makaranta yana faɗowa a Disamba da Janairu, tsakiyar zafin ƙasar, kuma farin da aka yi daga 2017 zuwa 2019 ya nuna cewa tsiron asalin ƙasar ma, idan ƙarami ne, yana buƙatar mai ba shi ruwa. Guwandhang tana da wuyar tsira kuma takan ɗauki shekaru kafin ta yi 'ya'ya. Bayan wannan akwai tambayar da manyan ɗalibai kan kai gare ta da kansu: wa ke cin ribar wannan ilimi? Macadamia, wani itace da ake cin ƙwayarsa, ɗan asalin Ostireliya ne, amma a Hawaii aka fara mayar da shi babbar sana'a, yanzu kuma Afirka ta Kudu na cikin manyan masu nomansa. Wani bincike da aka yi a 2018 ya nuna cewa rabon Aborijin a kasuwar abincin daji bai wuce wajen kashi 1 cikin 100 ba, alhali hotunansu da sunayen harsunansu ne ke jikin kwalaben. Makarantar da ta koya wa yaro ɗanɗanon ƙwayar wattle ba ta faɗa masa wannan ba ta ba shi rabin darasi.

A watan Nuwamba na 2020 hukumar binciken kimiyya ta ƙasa, CSIRO, ta gayyaci dattawan Wiradjuri, cikinsu har da Stan Grant Babba, suka raɗa wa na'urorin bayan garin sunaye da harshensu. Babbar, mai faɗin mita 64, an kira ta Murriyang, wato duniyar sama. Ƙananan biyu sai da aka ƙirƙiro musu suna daga kalmomin da ake da su: ɗaya Giyalung Miil, ido mai wayo, ɗayar kuma Giyalung Guluman. Guluman shi ne akushin itace da ake yankowa daga jikin bishiya, wanda matan Wiradjuri ke tara 'ya'yan itace da ƙwaya a ciki, su ɗebi ruwa da shi, wani lokaci kuma su kwantar da jariri.